Manomi ma ya zauna majalisa, kuma ba gyangyaɗi ya je yi ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gajiya, yaya aiki da jama'a. Allah ya ƙara basira.

Na karanta sharhin da wani bawan Allah ya rubuto muku kwanakin baya, inda yake cewa duk ranar da aka tashi sake kafa majalisu a ƙasar nan to kada a bar wanda bai yi lakkol, wato karatun boko, mai zurfi ba ya ko leƙa ƙofar, wai mun gaji da masu zuwa su ɗaga hannu su karɓi kuɗin zama su koma gida. Ban ƙi maganarsa duka ba, don masu ɗaga hannun mun gan su da idonmu, amma abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne yadda ya ɗora laifin kacokan a kan manomi da ɗan ƙauye, kamar su masu kravat ɗin ba su taɓa ɗaga hannu kan abin da suka san ƙarya ne ba. Ni kuwa ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi ne tun tasowarsa har Allah ya karɓi abinsa, kuma ya zauna majalisar jiha nan Damagaram, shi ya sa nake roƙon ku ba ni ɗan fili in faɗi abin da na gani. Sunansa da na garinsu zan bar su, iyalinsa ba masu son a yi ta ambatonsu ba ne.

Saboda masu karatu na Najeriya bari in ɗan warware wani abu tukuna. In ku kun ce ɗan majalisar jiha kuna nufin irin na Kano masu kujera 40 ko na Jigawa masu 30, masu yin doka, masu albashi da mota da ɗan sanda a ƙofa. Tamu ta nan Nijar, lokacin da take nan, ba haka take ba. Mu nan sai a watan Janairu na 2011 aka fara zaɓen majalisun jihohi, na komin-komin kuwa, wato ƙananan hukumomi, tun 2004, kuma wanda aka zaɓa konseye ake ce masa, ba ya yin doka, doka ta depitoci ce, wato 'yan babbar majalisa, can Yamai, shi nasa ya duba kasafin jiha da tsarin ayyukan raya ta ya amince ko ya ƙi. Gwamna kuma naɗo shi ake daga sama. Konseye ba shi da albashin wata, sai ɗan abin da ake ba shi in an yi zama. Ku riƙe wannan don zai dawo gaba.

Kawu mutumin kudu ne, wajen Matamai, inda ƙasa ke da damshi mutane kuma suka yi yawa. Gero da dawa da wake a tudu, gyaɗa kaɗan, sai garka a bakin korama inda yake rake da rogo da ɗan dankali da rani. Karatun allo ya yi, ya iya ajami sosai, boko kuwa ko aji ɗaya. Yana saurayi lokacin da gyaɗa ke da daraja, zamanin da SONARA, kamfanin sayen gyaɗa na ƙasa, ke saye ana tara buhuna kamar ba za su ƙare ba, a gabansa farin 1973 da 1974 ya karya wannan harka, a gabansa aka yi yunwar da ake kira El Buhari a 1984 har ya bar iyali ya tafi Kano cin rani yana ga-ruwa. 2005 kuma da aka yi ta gardama a rediyo ko yunwa ce ko ba yunwa ba, shi yana cikin masu auna hatsi a bankin cimaka, wato rumbun hatsin al'umma, na garinsu, ya san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. To daga bankin cimakar nan ne mutane suka yarda da shi, don an yi shekaru tiya ɗaya ba ta ɓace a hannunsa ba, kuma kowa ya san yadda bankunan nan da yawa suka ƙare a wasu garuruwa.

Shigarsa lis ɗin 'yan takara ma ba don parti na son manoma ba ne, kada mu ruɗi kanmu. Suna neman wanda in an ce yana ciki ƙauyukan yankin za su fito ne, Alhazan da ke da kuɗin kamfen kuma mutane ba su yarda da su ba, sai aka sa shi can tsakiyar lis ana zaton ba zai haye ba, Allah da ikonsa ƙuri'a ta yi yawa ya haye. Kuma a nan nake son marubucin nan ya tuna cewa abin da yake nema ai an riga an gwada rabinsa. Kundin tsarin mulki na 2010 ya ce lis ɗin 'yan takarar depite dole kashi 75 cikin ɗari su zama masu takardar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, ko daidai da ita, kashi 25 kawai aka bar wa marasa ita, har aka yi watsi da lis-lis da dama a zaɓen 2011 saboda wannan sharaɗi. To kashi 25 ɗin nan wa ya cinye shi? Manomi? Ina! Manyan 'yan kasuwa ne masu tirela da sito. Manomi na gaske, wanda in damina ta ƙi shi ma gidansa za a ji, a lokacin da wuya ka gan shi a babbar majalisa ta Yamai, kilomita wajen 900 daga nan, iyakarsa komin ko jiha.

In an kira zama gidana yake sauka nan Zango, ya zo a motar kasuwa da jakar fata da buta da ɗan ƙunshin rake na yara. Za a ba su takardu masu kauri duk da Faransanci, wani lokaci ana gobe zama, to bayan isha'i sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni ina karantawa da fitilar salula ina juya masa da Hausa, shi kuma yana rubuta abin da ya ga dama da ajami a wani ƙaramin kaye, wato littafin rubutu, na 'yan lakkol mai bango shuɗi. Wallahi Malam Edita ni da na yi bokon sau da yawa sai in karanta shafi guda in ga komai daidai, kalmomi masu daɗi, a ƙarfafa kaza a inganta kaza, shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce tsaya ɗana, wannan kuɗin da suka rubuta wane wata zai sauko? In duba in ce kawu ba su faɗa ba. Ya ce to rubuta mini lambar shafin. Tambayarsa kenan kullum, wane wata, kuma wa zai karɓa a hannu. Don shi a wurinsa irin shuka da ya iso bayan an yi ruwan shuka da sati uku ba taimako ba ne, abinci ne, dafawa za a yi a ci, taki kuma in ya zo gero ya riga ya fitar da kai to ɗan kasuwa aka kawo wa, zai saye da araha ya ajiye ya sayar maka baɗi. Hatsin farashi mai rahusa shi ma haka, in ba a fito da shi a Yuli da Agusta ba lokacin da rumbu ya koma ƙasa mutum yana noma da yunwa, aka bari sai sabon gero ya shigo, to an karya wa manomi farashi ne kawai. Wannan ba a koyar da shi a jami'a, ko in ana koyarwa to ban ga alamarsa a takardun da na yi ta karantawa ba.

A bayan kayen nan kuma akwai wani lissafi da ya daɗe yana yi tun kafin siyasa, duk ranar kasuwa yana rubuta kuɗin tiyar gero da ta wake, da sefa da naira, don mutanen kudu rabin cinikinsu da naira ne, wakenmu ai Maigatari da Dawanau yake tafiya. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba 2020, shi ba sai an kawo masa rahoto ba, kayensa ya nuna masa abin da ya sami mai wake. Wani abokin zamansa a majalisar, malamin makaranta ne mai ritaya, ya taɓa ce mini in ana gardamar farashi kowa na faɗin abin da ya ji, sai kawunka ya buɗe kayen nan ya karanto wata da wata, sai ka ji zauren ya yi tsit.

Inda ya fi shan wahala shi ne maganar burtali. Kun san dokar karkara ta 1993 ita ta kawo kwamitocin filaye tun daga departama, wato matakin da ke ƙasa da jiha, har ƙauye, Mirya ma na cikin wuraren farko da aka gwada su, sannan a 2010 aka yi dokar makiyaya wadda ta tabbatar musu da 'yancin wucewa da dabbobinsu da zuwa mashaya. A takarda komai ya zauna. A ƙasa kuwa kowace damina sai wani ya ƙara kunya biyu uku cikin burtali, baɗi maƙwabcinsa ya ce ai ni ma, kafin shekara goma hanyar da garke ke bi ta koma ta akuya ɗaya, sannan in shanu sun sauko daga arewa da kaka suka taɓa dami a ce Bafillace ya yi ɓarna. Kawu manomi ne, shi ma an sha cinye masa wake, amma ranar da aka zo sa alamun burtali a yankinsu aka tarar ɗan wansa na cikin waɗanda suka ci hanya, gaban mai gari da ardo da kowa ya ce a fara tuge nasa. Gidan nan sun yi shekara ba sa gaishe shi, matar ɗan wan nasa ma ko suna ba ta zuwa. Kuma shi ne dai mai tsayawa kai da fata in an zo maganar ranar sakin gonaki, yana cewa kada a zauna a ofis a yanke rana ɗaya ga Tanut da Magarya, don arewa ta gama girbi tun tuni kudu kuwa dawa na tsaye wake bai bushe ba. Makiyaya su ce ya cika son manoma, manoma su ce ya sayar da su, shi ko sai dai ya yi dariya ya ce to ai kun ga alamar na yi daidai kenan.

Gawo kuwa kada ma a fara. Duk wanda ya bi hanyar Mirya, Matamai, Magarya da rani ya ga yadda gonaki suka cika da gawo, har Turawa masu bincike na zuwa kallo suna rubutawa, alhali bayan farin 1984 wuraren nan sun yi fayau. Ba wani furoje, wato shirin masu tallafi, ne ya dasa su ba, manoma ne suka daina sassabe kwal, in tsiro ya fito a bar shi a gyara masa rassa, abin da ake kira sassaben zamani. Abin da ke ci wa kawu rai shi ne mutum ya reni itace shekara ashirin cikin gonar ubansa, ranar da ya sare reshe don ya gyara rumbu a ce ya yi laifi. Ya yi ta faɗa a duk inda ya samu dama cewa in itacen ba na manomi ba ne to manomi ba zai rene shi ba. Ba zan ce maganarsa ce ta sa ba, mutane da yawa sun yi wannan kuka, amma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince manomi na da haƙƙi kan itacen da ya rena a gonarsa, kuma ranar da na karanta masa labarin ya ce to saura a gaya wa masu kakin gandun daji.

Sai dai akwai abin da ya tarar wanda ya fi ƙarfinsa, ya fi ƙarfin masu digirin ma. A 2016 da aka ce an miƙa wa komin da jihohi wasu ayyuka, fanni huɗu ne: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Noma ba ya ciki. Jihar da mafi yawan mutanenta hauya ce abincinsu, majalisarta a lokacin ba ta da ta cewa sosai kan iri da taki da maganin tsutsar gero sai dai ta roƙa ko ta jira furoje, kuma ko fannonin huɗun da aka bayar aikin ya fi kuɗin saurin isowa. To in majalisa ba ta yi abin kirki ba a nan ya kamata a fara dubawa, kafin a je ga wanda bai iya Faransanci ba.

Yanzu bari in koma kan maganar albashi. Mutanen ƙauye ba ruwansu da bambancin konseye da depite da minista, an zaɓe ka, ka shiga gwamnati, shi kenan kana ci. Kafin ya dawo daga masallacin asuba ƙofar gida ta cika, wannan da takardar magani, wannan matarsa ta haihu, wancan ɗansa na tsare yana son a je a yi magana, wata kuma kuɗin mota take nema zuwa Damagaram asibiti. In ya ce babu a ce ya canza, in ya bayar kuma daga rumbunsa ne. Bijimin amalankensa a haka ya tafi. Sannan zaman majalisa ba ya tambayar ko an yi ruwa, wata shekara kira ya zo daidai noman fari, ya bar yara da gona, kafin ya koma ciyawa ta riga ta sha kan gero, shekarar nan sai da muka aika masa hatsi daga birni, mu da muka saba shi ke aiko mana. Wa'adin ma da aka ce shekara biyar ne aka yi ta ƙara shi har sai Disamba 2020 aka sake zaɓe. Da aka zo masa ya sake tsayawa ya ce a kai kasuwa.

Kada kuma a ce na zo wanke kawuna ne. Mutum ne mai taurin kai, in ya kafe ko mai gari ba ya juya shi, kuma akwai lokutan da parti ta ce a ɗaga hannu ya ɗaga alhali daren jiya a tsakar gidana ya gama zagin abin, in na yi magana ya ce kai yaro ne ba ka san mutunci ba, mutanen nan su suka sa ni a lis. Maganar karatun 'ya'ya mata ma ya daɗe bai ɗauke ta da nauyi ba, matan da ke majalisar kuma da farko gani yake cike gurbi ne kawai. Abin da ya girgiza shi shi ne Oktoba 2013, da aka tsinci gawar mutum 92 cikin sahara bayan Arlit a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara, kuma yawancinsu mutanen yankin Kance ne, wato mutanensa. Ana ta cewa kwaɗayi ne, rashin godiya ne, a kama su a hukunta. Shi kuwa ya ce a je a auna gonar gidan kowace ɗaya tukuna. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, 'ya'ya sun raba wa jikoki, yau magidanci mai mutum goma gonarsa ba ta ciyar da shi wata huɗu, matar kuma ko gamana, 'yar gonarta ta kanta, ba ta samu, to me za ta zauna ta yi? Daga lokacin ya koma yana zama da matan majalisar, don ya gane su ne ke da labarin cikin gida da shi ba ya ji.

Yanzu dai duk wannan ya zama labari, babbar majalisa ta tafi tun 26 ga Yuli 2023, na komin da na jihohi aka rushe su a Afrilu 2024 aka naɗa masu riƙo, jam'iyyu ma an soke su a 2025. Ni ba siyasar wannan na zo yi ba. Amma ko ba daɗe ko ba jima za a sake zama a tsara yadda talaka zai aika wakilinsa, kuma tunda kundin da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, to ni abin da nake jira in gani shi ne kasafin jiha an rubuta shi da Hausa, boko da ajami, a ba wakili sati biyu kafin zama ya karanta da kansa ba sai ya nemi ɗan 'yar'uwarsa da fitilar salula ba. Kuma a tuna Damagaram ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Barebari a Gure, Tubawa a Tasker, Buzaye da Fulani a Damargu, su ma a samar musu tafinta na gaske a zauren. A daina kiran zama tsakiyar shuka da noman fari. Kuma a bar wa manoma da makiyaya kujeru nasu waɗanda su za su zaɓi mai zama, ba Alhajin da ya sayi gona bara don a ce masa manomi ba. Masu digiri su zo, muna buƙatarsu, wani ya iya lissafin kwangila ya gane inda aka cusa ƙarya, amma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, a zaunar da su tare.

Roƙona na ƙarshe gare ku Malam Edita, irin su kawu ba shi kaɗai ba ne, akwai tsofaffin konseye maza da mata a Dungas da Takeita da Damagaram Takaya da Balbeji da suka yi shekara kusan goma a kujerun nan suka koma gonakinsu da garkensu, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye su me suka gani. Ku tura wakilinku ya same su, amma ya bari sai an gama girbi, yanzu ba zai tarar da kowa a gida ba.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu,
daga unguwar Zango, Damagaram